Alewar Walimar Balaraba

A gidan Malam Na'iya, tsohon hedimasta, komai da ƙa'idarsa, in ban da ƙanensa Cindo. Cindo ya haura arba'in, ba shi da ƙiwa, ba shi da musu, sai dai abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Matar Malam, Inna Dije, ta rasu da alkawari a bakinta: ranar da jikarsu Balaraba ta sauke Alƙur'ani, za a ci alewar madara a walimarta. Bayan marigayiya, ƙanwarta Asabe ce kaɗai ta iya irin wannan alewa, amma tun ranar zaman makoki Malam ya yaɓa mata magana saboda ta gyara ɗakin yayarta ba da izininsa ba. Ba ta sake tako gidan ba. Ya yi nadama, girman kai ya hana shi aikawa.

Da walima ta matso, Malam ya ƙudura zai cika alkawarin da na'urar ɗumama abinci da ɗansa ya aiko, wadda yara ke kira maikirowef. Tsufa ya ci ƙarfin Malam, don haka baki nasa, aiki na Cindo.

Wata rana ya auna madarar gari da sukari da ruwa, ya ce, "Dama, ka sa kwanon yadda yake a ciki." Cindo ya sa shi yadda yake, har da cokalin ƙarfe. Na'ura ta yi ta tartsatsi kamar ana walda.

"Me ya kai cokali ciki?"

"Yana cikin kwanon, Yaya."

Wata rana kuma aka sa madara a na'ura, Malam zai tafi masallaci, ya ce, "Kada ka ɗauke ido daga kanta." Ya dawo ya tarar da hayaƙi har zaure, Cindo durƙushe gaban gilashin na'urar yana hawaye.

"Ban ƙifta ba, Yaya. A gabana ta taso, a gabana ta zube, a gabana ta yi baƙi."

Malam ya daɗe yana duban kwanon. Dije ba ta taɓa ƙona ko ƙwaya ɗaya ba, shi kuwa bai taɓa tsayawa ya ga yadda take yi ba.

Wata rana alewa ta ɗan yi kama da alewa. Aka yanka ta a faranti. Malam ya ce, "A gidan nan ba a ba baƙo abin da ba a ɗanɗana ba." Kafin la'asar kowane yanki na ɗauke da shatin haƙoran Cindo.

Ana gobe walima, madara ta kusa ƙarewa. Malam ya zauna bakin ƙofar ɗakin matarsa, murya a sanyaye ya ce, "Na gaji, Cindo. Je ka yi duk yadda ka ga marigayiya tana yi."

Cindo ya dama, ya dafa, ya yanka wata aba mai tauri kamar tsakuwa. Sannan ya zuba a ƙaramin faranti, ya rufe, ya fice, domin Inna Dije ba ta taɓa yin alewa ba sai ta aika wa ƙanwarta farantin farko.

Ba a jima ba aka yi sallama. Asabe ce tsaye da farantin a hannu.

"Malam, wannan za ka ba jikar yayata? Saura kaɗan in bar haƙorina a ciki."

Malam ya miƙe. Maganar da ya daɗe yana shiryawa ta ɓace masa. Abin da ya iya cewa shi ne, "Shigo, Asabe. Gidanku ne."

Ta ajiye mayafi, ta sa kwano a na'ura, tana fitarwa tana juyawa kaɗan-kaɗan, har ƙamshin da ya bar gidan ya dawo. Malam ya sunkuyar da kai.

Cindo ya matso. "Yaya, marigayiya takan ba ni kwanon in suɗe."

Malam ya goge ido da bakin rawaninsa. "A ba shi," ya ce. "Har da cokalin."