Warin Gas a Ɗaki Mai Taya

"Lafiya lau, ango. Gajiya kuwa ga ta nan a gadon bayana, kai ka jawo min ita."

Hajiya Atika ce ke amsa gaisuwar jikanta Abdulbaƙi, tana saukowa daga adaidaita sahu a bayan wata masana'antar robobi da ke Sharaɗa, inda yake aikin wutar lantarki. Wata biyar ya yi yana fama da wata tsohuwar bas. Ya cire kujeru, ya sa gado da tankin ruwa da murhun gas, ya kafa sola a sama. Ƙanwar Hajiya na kwance ba lafiya a Maigatari, ita kuwa ciwon baya ya hana ta zaman motar haya. Jibi za su tafi, shi ya sa ranar Asabar da hantsi ya kira ta ta ga motar da idonta.

"Amarya, ga gidanki," in ji shi. "Ɗaki da kicin, kuma yana tafiya."

"Wannan? Ni na ɗauka makara ce aka sa wa taya."

"Makara da fanka? Ke dai kin saba da amalanken shanun garinku."

"Amalanke bai taɓa kashe kowa a danginmu ba. Birkinta na ci kuwa?"

"Jiya bakanike ya sa mata sabo. Na juye baƙin mai, na cika lagireto da ruwa."

Ta zagaya motar a hankali, tana ƙwanƙwasa tayoyin da sandarta. "Wannan ta baya ta fi kan kakanka sanƙo, Allah Ya jiƙansa."

"Ita zan mayar safaya."

"Safayar da za ta fashe kafin a ɗaura ta? Canza ta, ko ka tafi da wata amaryar."

"Wa zai aure ni bayan an san na taɓa auren mai haƙori huɗu?"

"Biyar ne, makaho."

Da ƙyar ya lallaɓa ta ta hau. Ya ja ƙofar gefe ta rufe garam. Hajiya ta zauna a bakin gado tana riƙe da sandarta da hannu biyu, idonta na bin tagogin da ya liƙe da baƙar leda ya ɗaure da sukurori saboda ɓarayi.

"Ni fa gabana faɗuwa yake yi. Buɗe min taga."

"Ba sa buɗuwa. Fanka zan kunna miki. Amma bari in fara dafa miki shayi, ki san kin auri mai abin hannu."

Ya ɗauko ashana daga saman kanta, ya zaro tsinke ɗaya.

"Tsaya."

"Tsohuwa, ko shayin ma tsoronsa kike..."

"Na ce tsaya!" Ta cafke wuyan hannunsa da ƙarfin da bai san tana da shi ba. "Ba ka jin wari?"

"Warin robar kamfani ne. Ko kuwa man zafin da kike shafawa."

"Abdulbaƙi. Ajiye ashanar nan."

Tun yana yaro ba ta kiran sunansa sai in magana ta ƙare. Ya ajiye. Ya durƙusa wajen akwatin katakon da ya ɓoye tukunyar gas a ciki, ya shaƙa. Warin ya bugi hancinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Da ya kasa kunne sai ya ji wani siririn sauti, sssss, yana fitowa daga bayan akwatin.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ya miƙa hannu zai kunna fanka. Ta maka masa sanda a yatsu.

"Kai ne mai aikin wuta ko ni? Makunni ba ya tartsatsi? Kada ka taɓa komai. Rufe kan tukunyar, ka buɗe ƙofa."

Ya murɗa kan tukunyar, sautin ya ɗauke. Ya ja mariƙin ƙofa, ta ƙi. Ya sake ja da hannu biyu, mariƙin ya tsinke ya biyo shi.

"Daga waje take buɗuwa," ya ce. "Na ce zan gyara, ban samu..."

"La'ilaha illallahu. Ka kulle ni a cikin tukunya."

Ta fara tari. Gumi ya jiƙa masa riga. Tsakaninsu da kujerar direba akwai allon katako da shi da kansa ya kafa. Ya rarrafa ta kan gado zuwa ƙofar baya, ya tura, katifa ta tokare sakatar. Ya finciko katifar gefe, ya zura hannu ya lalubo ƙarfen, ya sa kafaɗa ya banka. Ƙofar ta wangale. Ya sungumi kakarsa kamar jaririya, bai dire ta ba sai a gindin wata darbejiya can nesa da motar.

Ya tsaya a kanta yana haki. Hajiya ta ciro carbi tana ja.

"Inna," ya ce daga baya, "da na ƙyasta..."

"Yi shiru. Kada ka ƙarasa."

Ya zauna a ƙasa dirshan, ya dafe kai.

"Shekara ashirin ina sayar da abinci a ƙofar kamfani a Bompai," in ji ta. "Akwai Talatu, 'yar Pankshin, rumfarta na jikin tawa. Wata rana ta ce tana jin wari, aka ce mata kwata ce. Ta ƙyasta. Ta rayu, amma har ta bar garin nan ba ta ƙara ɗaga hannunta na dama ba. Tun daga ranar ko a mafarki na ji warin nan sai na tashi."

Sai da iska ta gama ratsa motar sannan ta aike shi wurin mai shayin bakin titi ya samo ruwa da garin sabulu a roba. Ta tsaya daga nesa tana ba da umarni.

"Kaɗa shi ya yi kumfa. Buɗe tukunyar kaɗan, kaɗan na ce! Shafa a jikin tiyon, tun daga kai har murhu."

Bai kai rabi ba kumfa ta fara kumbura tana fashewa a daidai inda tiyon ya lanƙwasa a jikin katako. Ya yi maza ya rufe.

"Ya tsage. Tsohon tiyo ne, na gida na ciro."

"Ka sayi sola, ka sayi labule mai fure, tiyo ne ya gagare ka. Kai wane irin miji ne?"

"Mai sa'ar mata."

"Rufe min baki ka saurara. Tukunyar nan ta bar cikin ɗaki. Mai walda ya yi mata keji a waje. Gas nauyi gare shi, ƙasa yake kwanciya, a huda masa inda zai fita. Tagogin nan biyu su riƙa buɗuwa. Ƙofa ta buɗu daga ciki, ko da hannun tsohuwa. Ka nemo tukunyar kashe gobara ka rataye inda hannu zai kai. Kuma duk safiyar da za ka tashi motar nan, kumfa kafin ashana."

"Kafin jibi?"

"Ko jibi ko gata, ni ba na hawa sai na shinshina ta lungu-lungu. Ƙanwata ni take jira, ba gawata ba."

"To in na yi duk wannan, a gado za ki kwanta ko a kejin za mu sa ki, ki riƙa yi mana gadin tukunya?"

"Ka ga ɗan banza! Ƙafarka har yanzu rawa take, bakinka bai mutu ba."

Ya duba ƙafar tasa. Rawa take yi kuwa. Dariya ta kuɓuce masa, irin wadda ke zuwa da ƙwalla. Ya tashi ya buɗe ƙofar direba, ya lalubo wata 'yar kwalbar turare da ya saya don kansa, ya dawo ya durƙusa a gabanta.

"Na sallama, amarya. Kin ci. Ga wannan, ba ke na ba wa ba, hancinki na ba wa."

Ta buɗe, ta kai hanci, ta yamutsa fuska.

"Jabu ne," ta ce, ta ƙulle shi a bakin mayafinta. "Tashi ka kira mai walda."