Jar Motata da Waliyyin Amaryar Ƙanena

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren ƙanena Buhari ba, kuma ko na so in manta, mutanen Wurno ba za su bar ni ba. Har yau in na wuce bakin tasha sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Direban Baffa, ina gajiya?" Ni kuwa in amsa da "ba gajiya", don wanda ya jawo wa kansa ba ya da bakin faɗa.

Abin ya faro ne daga albasa. Ni malamin gona ne a Rabah, amma da rani ina taɓa noman albasa a gefen Goronyo. Wata shekara Allah ya ba da sa'a, na ajiye albasa har ta yi tsada, na sayar. Mai hankali da ya sayi fili ko ya ƙara injin ban ruwa. Ni sai na nufi Sakkwato na sayo mota. Kuma ba irin motar da mutanen kirki ke saya ba, wadda za a zuba iyali da buhun gero a baya. A'a. Wata ja na ɗauko, 'yar Kwatano, mai ƙofa biyu, cikinta na kusan shafar ƙasa, salansar hayaƙi biyu a bayanta. In ka taka ta, sai ka ji bayanka ya manne da kujera. (Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin, da 'ya'ya huɗu. Na faɗi wannan ne don kada wani ya yi mini uzurin ƙuruciya.)

A cikin aljihun motar akwai ɗan littafin sabis, da wani yare da ban san kansa ba. Shafukan farko da hatimi da kwanan wata, shekara bayan shekara, gwanin sha'awa. Daga tsakiya kuma sai fari fat, shekara shida ko bakwai ba wanda ya rubuta komai. Na tambayi dillalin. Ya dafa ƙirji ya ce wata tsohuwar Baturiya ce mai ita, ba ta zuwa ko'ina sai kasuwa, shi ya sa ba ta ga dalilin zuwa gareji ba. Ni da hankalina na yarda cewa tsohuwa ce ta sayi motar da ke ruri kamar zaki don ta riƙa zuwa sayen tumatir.

Da na iso Wurno na kai ta wurin Baba Sahabi makanike, ba don ya duba ba, don dai ya gani ya yaba. Dattijo ne da ya fara gyaran mota tun ina rarrafe. Ya zagaya ta sau biyu, ya buɗe bonet, ya juya littafin nan a hannunsa.

"Mi anka yi mata, mi ba a yi mata ba?" in ji shi.

Na ce, "Baba, ai lahiya lau take. Ka ji inji kuwa?"

"Na ji. Ba shi nit tambaye ka ba. Wagga mota ba mu san abin da tac ci ba shekara bakwai. To abin da ba ka da shaidar an yi, ɗauka ba a yi ba."

Sai ya shiga lissafo mini: a zubar da baƙin mai a sa sabo da filtarsa, a sauya man giya da man birki, a sa sababbin fulogi, a wanke lagireto a duba tiyo-tiyonsa. Sannan ya buga wani murfin roba a gaban injin da ɗan yatsa. Ya ce a bayansa akwai wani bel da suke kira taimin bel, shi ke daidaita motsin cikin inji. Ba ya ƙara, ba ya ba da alama, ranar da ya ga dama tsinkewa kawai zai yi, kuma a irin wannan mota in ya tsinke ana gudu, injin kansa zai ci. Ya ce a sauya shi tare da famfon ruwa tun kafin in fara yawo.

Na zaro sandar awon mai na nuna masa. "Baba, dubi man ga, kamar zuma."

"Dillali ma ya san kana duba nan," ya ce.

A raina na ce tsoho ya ga mai albasa, yana son ya ci rabonsa. Motar da ke tafiya sumul, don mi za a kwance mata ciki? Na yi godiya na ce zan dawo. Na dawo kuwa, amma wurin maƙwabcinsa, wanda ya sa mini baƙin gilashi, da rim masu walƙiya, da wata lasifika a but wadda in na kunna har kwanukan masu shayi ke rawa. Akwai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa da ke kamawa a gaban sitiyari lokaci-lokaci. Ita ma na yi maganinta: na liƙa mata sitika mai "Masha Allah".

Wata biyar ina shan sharafina, sai auren Buhari ya taso. Amaryar, Asma'u, nas ce a wani asibiti, mahaifinta ya rasu tun tana 'yar shekara biyar. Waliyyinta ƙanen mahaifinta ne, Baffa Dikko, wani dattijon makiyayi a Boyekai. Shi ya riƙe karatunta, yana sayar da maraƙi duk lokacin da makaranta ta buƙata. Kowa ya san maganarsa: da bakinsa zai ba da auren 'yar ɗan uwansa, ba wakili. An sa ɗaurin aure ƙarfe sha ɗaya na safe a Wurno, kuma liman ya gargaɗe mu cewa sha biyu yana da wani a Rabah, ba zai jira kowa ba.

Baffa ya aiko cewa zai taho tun Juma'a a motar haya ya kwana. Nan fa na miƙe a gaban dangi.

"Haba! Waliyyin amaryarmu cikin motar haya, a matse shi da awaki? Ina raye? Ni za ni ɗauko shi da sahe. Kahin ku gama shimhiɗa tabarmi mun iso."

Innarmu ta ce, "Kai dai ka bari shi taho shi kwana, hankali kwance."

Na ce, "Inna, ba ki san motag ga ba."

(Ashe ni ma ban san ta ba.)

Ranar Asabar, maimakon in fita da sassafe, na tsaya wanke mota. Aka wanke, aka goge, aka shafa wa tayu mai. Ai ba komai, ina da inji. Ban isa Boyekai ba sai goma saura. Na tarar da Baffa zaune a kan buzu a ƙofar gida, da farar riga sabuwa dal da rawani, sandarsa a gefe. Wai tun da ya sallame asuba yake zaune a nan. Shigarsa motar ma sai da aka yi dabara, don kujerar a ƙasa take. Ya zauna gwiwoyinsa na kusa da haɓarsa, ya ce, "Ɗana, wagga mota ta, ko kabari?"

Na yi dariya na ce yanzu zai gani. Muka lallaɓa har muka fita daga rairayi muka samu hanya mai ɗan kyau. Na duba agogo, goma da kwata. Na ce bari in nuna wa dattijo abin da ake kira mota. Na sauke giya na take ta. Ta yi wani ruri mai daɗi, itatuwa suka fara gudu baya, Baffa ya kama salati. Ina cikin murmushi sai na ji "kaf!", sai wata 'yar ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, sai shiru. Babu hayaƙi, babu wari. Motar ta yi ta gangarawa da kanta har ta tsaya gindin wata aduwa.

"Mun iso?" in ji Baffa.

Na murɗa makulli. Ta yi wani "wiiii" mara nauyi. Na sake. Na buɗe bonet na tsaya ina kallon inji kamar na san abin da nake nema. Na girgiza wayar batir, na hura wani abu da ban san sunansa ba. Har ƙarƙashinta na yi yunƙurin shiga da shaddata, kaina kawai ya shiga. Ba ranar kasuwa ba ce, hanya fayau. Babur ɗaya ya wuce da buhu uku na albasa, ko wurin aje sandar Baffa babu. Sha ɗaya saura kwata, sha ɗaya, sha ɗaya da kwata. Wayata sai ruri take, Buhari ne, ni kuwa na kasa ɗauka.

Daga ƙarshe na ɗauka. Ya ce masallaci ya cika, liman ya duba agogo sau uku, ko an taso yanzu a ɗauko mu ba za mu riske shi ba. Mafita ɗaya ce: Baffa ya wakilta wani ta waya, shaidu su ji. Na miƙa wa Baffa wayar, na koma na cusa kai ƙarƙashin motar.

Abin da ban sani ba, kuma shi ma bai sani ba, shi ne don kowa ya shaida, an kara wayar a bakin lasifikar masallaci. Wato duk unguwar na ji, har mata a cikin gidaje.

Liman ya yi sallama ya ce, "Malam Dikko, lahiya ba ka iso ba?"

Baffa, da yake mutum ne mai cika magana, ya gyara murya. "Wallahi Malam, muna nan daji. Yaron ga na, wan ango, yaz zaka da wata jar mota kamar akwatin gawa. Ni nic ce in taho jiya, yac ce shi jirgi gare shi. To jirgin ya hwaɗi. Ga shi nan kwance ƙasa da babbar riga, kai ciki gindi waje, shina hura ƙarhe da baki. Na tambaye shi mi yal lalace, ya ce bai sani ba. Na ce wa yag gyara ta can baya, ya ce wai wata tsohuwa."

Daga inda nake kwance na jiyo dariyar ta cikin waya, kamar an fasa dam. Aka ce har liman sai da ya sa hannun riga ya rufe baki. Aka ce Baba Sahabi na sahun gaba, bai yi dariya ba, kai kawai ya yi ta gyaɗawa, wanda ya fi dariyar ciwo. Ni kuwa na so ƙasar nan ta tsage in ƙarasa shigewa.

Baffa ya bari dariyar ta lafa. Da ya sake magana muryarsa ta sauya. Ya ambaci sunan wani ɗan uwansu, ya ce ya wakilta shi ya ba da auren Asma'u. Muka ji an shafa fatiha ta waya, shi ma ya ɗaga hannu ya shafa, a tsaye gindin aduwa da sabuwar rigarsa. Ya miƙo mini wayar ya koma ya zauna a kan tushen itacen.

Na durƙusa gabansa na ce, "Baffa, ka yahe mini. Tsautsayi na."

"Tsautsayi?" Ya dube ni. "Ɗana, mu in munka sayo saniya kasuwa, ba mu san garken da tah hito ba, ba mu haɗa ta da shanu. Ko tana ƙiba tana sheƙi, sai an yi mata allura, an ba ta maganin tsutsa, an duba haƙora da kofato. Mai saidawa ya rantse an yi, mu dai sai mun sake. Kai da kay yi boko ba ka san wannan ba?" Ya share ido da bakin rawani. "Ranar da ubanta za shi cika, yac ce mini, Dikko, kai za ka aurar da ita. Shekara ashirin ina jiran in hwaɗi kalma ukku gaban mutane. Na yahe ma. Amma ranar ba ta dawowa."

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini wuri ɗaya irin na wannan rana ba.

Sai bayan azahar wata a-kori-kura ta kwashe mu, Baffa a gaba, ni a baya kan buhunan wake. Mun tarar an cinye shinkafa, an naɗe tabarmi. Washegari aka jawo jar da igiya har garejin Baba Sahabi, ina ciki ina riƙe da sitiyari, gilashi a rufe (ranar na ga amfanin baƙin gilashi). Ya cire murfin roban nan, ya zaro belin a tsinke, duk ya tsattsage kamar tsohon takalmin fatake. Ya ce wanda aka sa mata tun daga masana'anta ne, ba a taɓa sauya shi ba. Ya ce abin da na kashe a kan rim biyu ya isa a yi duk abin da ya lissafa mini, yanzu kuwa sai dai a nemo wani injin.

Darasin da na koya bai da yawa. Abin da ban ga shaidar an yi ba, ban ƙara ɗauka an yi. Injin ban ruwana ma yanzu da littafinsa, ina rubuta ranar da aka sauya masa mai da hannuna. Kuma duk sanda aka ce a gidanmu za a ɗauko wani babba, ni ne na farkon cewa a bar shi ya taho ya kwana. Ba wanda ke musa mini, don dama ba wanda ya yi niyyar aike na.