Ranar Da Na Tallata Wa Alhaji Gonarsa

Sati biyu da ajiye alli na koma dillancin filaye, har na fara yi wa tsofaffin dillalan Ungogo kallon 'yan aji ɗaya. Aka kwatanta mini wata gonar sayarwa: bayan rafi, mai ɗorawa a tsakiya. Ban ga dalilin zuwa dubawa ba. Ni da na shekara goma ina koyar da taswira?

Na goyo mai saye, Alhaji Sabo, a babur, na ci burki a ɗorawar farko da na gani. Na gyara babbar riga na shiga zuba: ƙasa mai albarka, titi na nan tafe. Sannan na rage murya.

"Alhaji, mai gonar nan bai san darajarta ba. Rago ne, dubi ciyawa."

Ya gyara hula. "Haka ne, Malam. Ciwon baya ne ya hana ni maimai bana."

Ashe gonar gadonsa ce.

Har yau in na gifta majalisa sai wani ya ɗaga murya: "Malam, zo ka nuna mini gidana, in ya yi mini in saya!"