Baƙuwar da Kyamara Ba Ta Sani Ba

A Tudun Kanya, gida na ƙarshe kafin a gangara gulbi, akwai wani bawan Allah da ake kira Nomau. Ya haura shekara arba'in, ga ƙarfi ga haƙuri, sai dai yadda ka faɗa masa magana haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a gindin tsamiya ka manta, to gobe ma can za ka same shi. Mutanen gari wawa suke ce masa, ni kuwa na ga masu wayo da yawa da ba su kama ƙafarsa a riƙon amana ba.

Su biyu ne a gidan, shi da mahaifiyarsa Inna Tasalla, wadda tsufa ya rikita wa tunani. Ta manta sunayen 'ya'yanta, ta manta mijinta ya rasu, amma ba ta manta Kwarin Maiwa ba, ƙauyen da aka haife ta a tsallaken gulbi, wanda ya zama kufai tun tuni. Kullum sai ta ɗaure ƙunshin kayanta ta ce gobe za ta tafi gida. Nomau ke dafa mata abinci, shi ke wanke mata zane, kuma ba abin da yake tsoro a duniya kamar a raba shi da ita. Wansa Lurwanu, ma'aikaci a Kaduna, ya sha cewa zai ɗauke ta ya kai ta can inda akwai ƙofar ƙarfe da kwaɗo.

Da aka sace musu rago da rana tsaka, Lurwanu ya zo ya kafa kyamara a saman ƙofar zaure, ya haɗa mata sola, ya ba Nomau waya. Ya bayyana masa cewa kyamara ido ce kawai, manhajar da ke cikin wayar ita ke gane motsi ta yi ƙara. Manhaja uku ya saka, ya nuna masa inda zai taɓa, ya ce a gwada kowacce mako guda a zaɓi wadda ta fi. Da zai shiga mota ya ce, "In ka iya tsare gidan nan, Inna ta zauna. In ka kasa, zan tafi da ita."

Wata rana aka fara da ta farko, wadda ko ganye ya kaɗa sai ta yi kuka. Lurwanu ya riga ya ce masa duk abin da ya sa ta yi ƙara, ya kama shi ya tsare. Kafin la'asar zaure ya cika. Ga kajin maƙwabta bakwai cikin akurki, ga jakin wani mai itace, ga mai tallan manja zaune a tabarma yana rantsuwa wucewa kawai yake yi. Reshen darbejiyar ƙofar gida ma bai tsira ba, an ɗaure shi da igiya tamau. Sai da maigari ya taso da kansa aka saki jama'a. Lurwanu ya kira rai a ɓace ya ce, "Daga yau kada ka sake kama kowa. Ko hannu kada ka ɗora wa mutum." Nomau ya ce to.

Wata rana kuma aka koma ta biyu, wadda aka ce tana bambance mutum da dabba, mutum kaɗai take yi wa ƙara. Lurwanu ya ce ya gwada ta da kyau ya tabbatar. Nomau ya kora akuya ta wuce, waya ta yi shiru. Ya wuce da kansa, ta yi ƙara. Sai ya ga ai gwajin bai cika ba, ya yafa buzun sallar mahaifinsu, ya yi rarrafe ya wuce ƙofar. Shiru. Ya dawo, shiru. Nan ya zauna a ƙasa, don ya daɗe yana jin ana kiransa dabba, ga shi yau na'ura ma ta ba da shaida. Inna ta fito ta same shi yana share hawaye. Ba ta san sunansa ba, amma ta cire masa buzun, ta kakkaɓe masa gwiwa, ta ce ɗan mutane ba ya zama a ƙasa. Da ya ba wansa labari, Lurwanu ya gane ɓarawo ma ya iya rarrafe. Aka ajiye ta biyu.

Wata rana aka zo ga ta uku, mai gane fuska. Lurwanu ya ce ya nuna mata duk wani ɗan gida, ita kuma baƙo kaɗai za ta riƙa yi wa ƙara. Nomau ya nuna mata fuskarsa, ya nuna hoton Lurwanu, ya nuna na marigayi mahaifinsu, har akuyoyi ya ɗaɗɗaga mata ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya je ya durƙusa gaban Inna ya ce ta taso a nuna ta, ana shigar da 'yan gida.

Ta ce, "Ni ba 'yar gidan nan ba ce, yaro. Baƙuwa ce. Gobe zan tafi gida."

Nomau bai taɓa ƙaryata uwarsa ba, sai ya bar ta. Daga ranar, ko leƙowa ta yi ƙofar zaure sai waya ta ɗauki ƙara, tasa da ta Lurwanu a Kaduna wadda shi ma ya haɗa da kyamarar, sau talatin sau arba'in a wuni. Lurwanu ya gaji ya ce wautar ta ishe shi, ranar Asabar yana zuwa, a haɗa wa Inna kayanta. Nomau ya kasa cin abinci kwana biyu.

Wata rana, jajibirin zuwan Lurwanu, an kwana ana ruwa, gulbi ya cika ya tumbatsa. Nomau yana gona yana maimai, wato noma na biyu, mutane duk sun watsu daji, sai waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya duba ya ga Inna ta fito da ƙunshi a ka, ta nufi gangare. Ya yar da fartanya ya zuba da gudu. Ya cim mata saura ƙiris ta kai ruwa, ya miƙa hannu, sai ya tuna an hana shi ɗora wa mutum hannu. Kuma gara da aka hana, don an taɓa riƙe ta a hanya ta yi ta fizge-fizge har ta faɗi ta gurɗe. Abin da ya zo masa shi ne maganar mahaifinsu, cewa baƙo ba ya fita ba rakiya. Ya yi mata sannu, ya karɓi ƙunshin ya ɗora a kansa, ya jera da ita har bakin ruwa. Jan ruwa yana wucewa da karan dawa da gungume, ita kuwa ta fara tattare zane.

Ya ce, "Baƙuwa, ba ki yi sallama da maigida ba. Ba a kuma ba ki tsaraba ba."

Inna ta tsaya. Ta manta duniya kaf, amma ba ta manta kunya ba. Ta rufe baki da hannu ta ce, "Assha, na yi abin kunya. Mu koma, sai gobe."

Ranar Asabar Lurwanu ya zauna a zaure ya kalli abin da kyamara ta ɗauka. Ya ga fitar tsohuwa ita kaɗai, ya ga ƙanensa ya gifta a guje ba takalmi, ya ga dawowarsu a hankali, ƙunshi a kan Nomau. Da an shigar da ita cikin 'yan gida kamar yadda ya ce, da wayar ba ta ce uffan ba. Ya ajiye wayar. Nomau ya tambaya a tsorace ko a kira Inna a nuna ta, ya gyara kuskurensa.

Lurwanu ya ce, "Wannan manhajar muka zaɓa. Inna kuma ka bar ta a baƙuwa." Shi kaɗai ya koma Kaduna.

Damina biyu ta ƙara a gidan, kuma duk fitar da ta yi an raka ta an dawo da ita. Ranar da aka fito da ita a makara, Nomau ne a gaba, ya raka ta har makwanci. Da aka gama rufewa jama'a suka juya, shi bai motsa ba. Lurwanu ya dafa shi ya ce su tafi.

Nomau ya ce, "Yaya, yau ba ni da abin da zan faɗa mata ta dawo."