Kwalbar Inabin da Na Kai Kurfi

Ba zan taɓa mantawa da Babbar Sallar da na kai wa surukina kwalba a Kurfi ba, ko da yake lokacin bai zama surukin nawa ba tukuna, kuma saura ƙiris ya fasa zama.

Gab da samun mulkin kai ina ƙaramin malamin gona a Dutsin-Ma, ƙarƙashin wani Bature mai son hira. In mun dawo daga duba gonakin gyaɗa sai ya kama ba ni labarin ƙasar matarsa, inda ake noman inabi a jikin tuddai, layi-layi, har inda ido ya tsaya. Ni kuwa ban taɓa ganin inabi ba, a bakin malamai kawai nake jin sunansa in ana lissafa kayan marmarin Aljanna. Sai in lumshe ido in ga duwatsun garinmu sun yi kore shar, inabi na reto a reshe, iska mai sanyi na kaɗawa. (Sau da yawa sai ya taɓa ni ya tambaya ko barci nake.)

Da zai koma gida ya ba ni wata baƙar kwalba, ruwan cikinta ja wur. Ya ce daga gonar surukinsa aka tsinko inabin, aka matse, aka ajiye a gangar katako a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kuma iyakar daɗewarsa iyakar daɗinsa. Ya ja mini kunne kada in ɓata shi da kifi. Da gasasshen naman rago ake shan sa, a babbar rana, tare da manyan mutane. Na ɗauka irin tsohuwar zuma ce da ake ɓoyewa. Abin da bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba.

Na naɗe ta da tsohon rawani na sa a akwati, shekara da shekaru. In kaɗaici ya dame ni sai in ɗaga ta a rana, jan haske ya sauka a bango, in yi ta yawo a gonar da ban taɓa takawa ba.

Ana nan sai na ga Rabi, 'yar wani limami a Kurfi, na kamu. Masu nemanta 'ya'yan fatake ne, masu kai atamfa da goro, Malam kuma bai ba kowa amsa ba. Na ce to, ni zan kai abin da babu mai shi a duk ƙasar Katsina.

Washegarin Sallah na ɗauko kwalbar na hau keke. Na tarar da zauren Malam cike da dattawa, har da ƙanen Malam, wanda ake kira Baba Soja saboda ya zaga duniya da aikin soja. Aka kawo naman layya yana turiri. Na ce a raina ga rago, ga babbar rana, ga manyan mutane, komai ya cika. Na gyara murya na ba su labarin tuddai da ganguna kamar a can aka yanke mini cibi. Na tura toshiyar da basilla, wani wari mai tsami ya gauraye zauren. Na ce kada su damu, ƙamshin tsufa ne. (Wallahi haka na ce.)

Na tsiyaya a kofi, na durƙusa na miƙa wa Malam da hannu biyu. Ya yi bisimilla ke nan, Baba Soja ya kama wuyan hannunsa.

"Yaya, ajiye. Wannan giyar Turawa ce, mai tsada ma kuwa."

Kunya ta kama ni har na ji kamar in nutse cikin tabarma. Malam ya dube ni ya tambaya ko na taɓa ɗanɗanawa. Na ce a'a, shi na adana wa duka. Wani dattijo ya ƙware da nama.

Aka kai kwalbar bayan gida aka tuttular, aka wanke kofi da toka. Ban san yadda na hau keke ba, sai a hanya na lura takalmi ɗaya ne a ƙafata. Na yi kuka, don na san na rasa Rabi.

Ranar kasuwa sai ga Baba Soja da takalmina a hannu, yana dariya har da tari. Ya ce Malam ya ce in turo magabatana, wai mutumin da ya yi shekaru da giya a ɗaki bai ma san warinta ba sakarai ne, amma sakaran da za a iya ba 'ya.

Tun daga nan, duk abin da aka ce mini tsufa na ƙara masa daɗi, sai na tambayi me yake zama in ya tsufa. Hajiya Rabi kuwa har yau in ta jiƙa zoɓo ta kawo mini, sai ta tsaya da kofin a hannu ta ce, "Malam, za ka sha yanzu, ko a sa maka a akwati?"