Ranar da Na Wanke wa Gimbiya Ɗaki

Matso kusa 'yar'uwa, ki ji abin da tsabta ta jawo mini. Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, don har yau in na bi ta layinmu a Sabon Garin Jega akwai masu rufe baki da gyale.

Ni mace ce ta cikin gida. Karatuna bai wuce firamare ba, amma in ana zancen shara da wanke-wanke, nan kam ba na tsoron kowa. Wadda ta ja ni cikin wanga sha'ani ita ce Madam Hannatu, wata nas 'yar Zuru da ke zaune a ƙarshen layinmu. Na shiga gidanta aron turmi, sai na ga ɗan tafkin siminti a tsakar gida, kifaye na yawo ciki, ja da fari da ruwan goro, kamar an yi masu lalle. Na ce, "Madam, waɗanga ai sun isa miya." Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Maman Aliyu, waɗannan ba a cin su. Koi sunansu, kallo kawai ake yi." (Kifin da ba a ci, a ƙasar Kabi!) Amma na zauna bakin tafkin nan har na koma gida ba turmi.

Ashe ƙungiya gare su, 'yar ƙarama: wasu malamai daga Aliero, ma'aikata kaɗan a nan Jega, sai shugabansu Malam Garba, tsohon malamin gona da ya yi ritaya ya koma gida Maiyama. Duk wata sukan haɗu gidan ɗayansu, a ci abinci, a zagaye tafki ana kallo. Na bi na dami maigida, sai da ya gama kwashe albasarsa a Sabiyal ya kira magini ya yi mini nawa, har da ɗan injin juya ruwa, na zuba 'yan ƙananan kifaye.

Al'adarsu, sabon shiga ana ba shi aron babban kifi ya riƙe, kamar yadda Bafulatani ke ba ɗan'uwansa aron saniya. Ni Malam Garba da kansa ya ba ni tasa, mai suna Gimbiya. Ta kai tsawon kamu biyu, fara fat, da jan tabo a ka. Tun tana kamar yatsa yake renonta, a tafin hannunsa take cin abinci. Da ya sake ta cikin tafkina sai da ya daɗe a tsugune. Ya ce, "Hajiya, wagga ɗiyata ta. Na ba ki amana."

Ba zan yi masu ƙarya ba, sun gaya mini yadda ake yi da ruwa: a rage kaɗan, a ƙara kaɗan, kar a taɓa bango. Kuma na bi. Sai dai kwanci-tashi ruwan ya soma yin kore-kore, gansakuka ta kama bango. Ana haka anka ce taron wata mai zuwa gidana za a yi.

To ke ma kin sani, dokar kullum daban, ranar baƙi daban. Ko zanen gado sai an sake. Da safe na tsaya bakin tafkin na ce, manyan malamai su taso tun daga Aliero su tarar da wagga ƙazanta a tsakar gidana? Na kwashe kifayen na zuba a baho, na zubar da ruwan nan kaf, na ɗauko soso da garin sabulu na dirje bango sai da siminti ya fito fes. Na ɗauraye, na juye ruwan tankinmu duka a ciki. Da na ga bai kwanta yadda nake so ba, na jefa alif, irin wanda muke sa wa randa. (Har turaren wuta na kunna a gefe, don ki san ban yi aikin rabi ba.) Na mayar da su Gimbiya, na ce mata, "Kin ga ɗakinki yau?"

Bayan azahar baƙi sunka iso. Maza na zaure da maigida, an kai masu tuwon shinkafa da miyar taushe. Ina madafi ina juye fura, sai kunnena ya kama wani sauti. Ni kunne Allah Ya ba ni, ƙarar injin tafkina na san ta kamar tarin maigida. Wanga daban ne. Cap, cap, cap, kamar jariri na tsotson nono bai samu ba.

Na leƙa. Gimbiya ce a saman ruwa, baki buɗe, tana haɗiyar iska. Ta karkace gefe guda. Ƙananan sun taru inda ruwa ke zubowa, ga 'yar kumfa fara tana taruwa a wurin.

Me ya kamata in yi? In kira Madam, ga ta can ɗakina tana cin abinci. Me na yi? Na aika a ƙara wa baƙi tuwo. Wai ko kafin su gama Gimbiya ta saba da tsabta. Na aika fura. Na aika soyayyen nama. Duk aike sai na leƙa, duk leƙe sai na ga ta ƙara kwanciya. Na tsuguna ina yi mata raɗa, "Don Allah ki rufa mini asiri, miƙe." Ta dube ni da ido guda.

Sai na ji muryar Malam Garba daga zaure. "Hajiya, mun ƙoshi hakanan, kar ki kashe mu. Ina ɗiyata?"

Sunka shigo a jere. Wani malami daga Aliero ya riga kowa magana. "Kai! Ruwa kamar madubi! Hajiya, ki koya mana sirrin." Malam Garba ya matso bakin tafkin. Ya durƙusa da farar babbar rigarsa, ya tsoma hannu, ya kai hanci.

"Hajiya, mi kinka sa?"

"Ɗan sabulu ne, Malam. Na ɗauraye sosai."

"Sai mi?"

"Sai alif."

"Alif."

"Kaɗan."

Maigida ya juya yana duban katanga kamar yau ya fara ganinta.

"A hidda ta!" Malam Garba ya daka tsawa. "Ruwa mai kyau, maza!" Tanki? Na juye shi duka. Randa? Ita ma da alif. Baho? Ga sauran kumfa a ciki. Madam ta fito da gudu hannunta duk miya. "A kai ta tafkina! Maman Aliyu, kawo babban kwano!" Na hau kujera na sauko da fantekar aurena daga saman kabad, wadda ko ranar sallah ba na bari a taɓa. Ruwan da ya rage a gidan sai ruwan leda da anka sayo wa baƙi. Da idona na ga manyan malamai sun kewaye fanteka suna yaga leda da haƙori suna tsiyayawa.

Anka sa Gimbiya ciki. Malamin nan na Aliero ya ɗauka, taki biyu ya yi ruwan ya wanke masa gaban riga. Wani ya karɓa, haka. Duk karatunsu ba wanda ya taɓa ɗebo ruwa. Na ce, "Ku aza mini." Ban tsaya neman hijabi ba, ko takalmi.

Haka na fito, ni da ko ƙofar gida ba a cika ganina ba, fanteka a ka, daidai ana fitowa daga sallar la'asar. Bayana Malam Garba ya tattare riga yana kira, "Sannu-sannu! A'a, yi sauri! Sannu-sannu na ce!" Bayansa malamai, bayansu maigida. Gimbiya ta kaɗa wutsiya ruwa ya zubo mini a fuska, ban iya ko sharewa ba. Mutanen masallaci sunka dare. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ƙwala kira, "Uwar Aliyu, talla kinka koma? Ɗanye na ko soyayye?" Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na ce ta jira in sauke amana tukuna, sannan in shige.

A gidan Madam, Malam Garba ya shiga da hannuwa biyu ya tallafe ta cikin ruwa, daidai inda iska ke ɓulɓulowa. Yana kai ta gaba yana dawo da ita, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya zauna. Ni ina can gefe a jiƙe, duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta shiga kasuwa. Can sai ta miƙe, ta yi wata 'yar girgiza, ta zame daga hannunsa ta nutse ƙasa a hankali. Dattijon nan ya zauna daɓas a ƙasa ya share ido da hularsa.

Ƙananan anka kwaso su daga baya, biyu ba su kai ba. Na tsuguna na ce, "Malam, ka yi mini aikin gafara." Ya dube ni ya ce, "Hajiya, ɗaukar ruwa kam kin iya, na shaida. Gimbiya za ta zamna nan wurin Madam. In tafkinki ya yi dauɗa yadda ya kamata, sai mu yi magana."

A ranar na gane akwai gidan da gyara shi ke rusa shi, kuma ba kowane mai rai ke son irin tarbar da nake so ba. Yanzu kullum ina tsaye ina jiran gansakuka ta fito kamar mai jiran shuka. Ko makon jiya yayata ta zo daga Alelu, na juya baya ke nan na same ta ta naɗe hannun riga tana cewa, "Ke ko kunya ba ki ji?" Sai da munka yi kokawa kafin na ƙwace soson.

Kina dariya ko? To gaya mini tsakaninki da Allah: baƙi na hanya, ga koren ruwa a tsakiyar gidanki, ga soso a rataye, ke za ki iya haɗiye zuciya ki wuce?