Yadda Na Kusa Kashe Tsoho da Kulawa

Ba zan taɓa mantawa ba da bazarar shekarar da aka karya darajar sefa, shekarar da sabulu ya zama abin ɓoyewa a ƙarƙashin matashi. Mutane suna tuna ta saboda tsada. Ni kuwa ludayin kunu ne yake tuna mini da ita.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin gidan likita a ƙasar Madarunfa. Garsan-sal ake ce mana, wato mu ne masu shara, da gyara gado, da juya marar lafiya, da raka shi bayan gida. Na haura arba'in, kuma a shekarar ce na shiga makarantar yaƙi da jahilci ta la'asar. Na fara haɗa baƙi, har ina tsayawa in karanta rubutun da ke jikin kwalin magani. Kaina ya yi girma ƙwarai. (Har biro nake saƙalawa a aljihun farar rigata, ko da yake ba wanda ya taɓa cewa in rubuta masa komai.)

Sai aka turo mana wata malamar jinya daga Maradi, wadda kowa ke kira Madam, don ta koya mana kula da marasa lafiya. Da Hausa ta yi mana karatun. Ta bi da mu rayuwar ɗan Adam tun daga goyo, zuwa ƙuruciya, zuwa magidanci, har tsufa, da abin da kowane mataki yake buƙata. Abu biyu na riƙe gam. Na farko, kada a raba marar lafiya da danginsa. Na biyu, tsoho yakan buƙaci taimako wajen ci da wanka kamar yadda yaro yake buƙata. Akwai na uku da ta fi nanatawa: ka tambayi mutum ko shi wane ne, kuma me yake so. Wannan sai na ga ya yi wa mai biro ƙanƙanta. Tambaya ai ko jahili ya iya ta.

Ta koma Maradi, ta ce za ta dawo ta ga aikinmu.

Ba a jima ba aka kawo wani tsoho daga wajen Gabi a amalanken jaki, Baba Nomau, yana fama da ciwon haƙarƙari. Dogo ne, busasshe, mai idon da ba a son haɗawa da shi. Wani magidanci ne ya kawo shi, Issufu, yana ce masa Baba. Na ce a raina, to, ga ɗa ga uba, ga kuma karatuna ya samu wurin aiki.

Na lura Issufu ya ajiye tsohon ya koma can gindin itacen bedi ya zauna. Ban yarda ba. Na je na kamo shi, na shimfiɗa masa tabarma dab da gadon.

"Nan ne wurinka," na ce. "Musamman lokacin cin abinci. Haka ilimi ya ce."

Ya sosa ƙeya. "Malam, da dai an bar ni waje."

"Wajen me? Babanka na kwance kana shan iska?"

Ya zauna, ya sunkuyar da kai. Tsohon ya juya fuskarsa bango.

Daga ranar Baba Nomau ya daina ci. A kawo kunu, ya ƙi. A kawo tuwo, ko kallo bai ishe shi ba. Ruwa kawai yake kurɓa. Da na ga lokacin abinci ya wuce sai in ɗauke kwano saboda ƙuda, don ni ba na wasa da tsabta. Shi ma Issufu na ga yana ramewa, na ce Allah sarki, tausayin uba ne. Da na ga ba sa kallon juna, ba sa hira, sai na yanke cewa faɗa suka yi a gida. (Har wa'azi na yi musu a kan haƙƙin iyaye. Na yi tsayin daka, na jawo abin da na sani da wanda ban sani ba. Ba wanda ya ɗaga kai.)

Abin ya daina zama wasa. Maganin da ake ba shi ba ya son cikin da babu komai, ga shi ƙarfinsa yana tafiya. Majo, wato shugaban gidan likitan, ya ce in bai ci ba za a tura shi Maradi. Tsohon ya ji. Wannan ne karo na farko da ya yi mini doguwar magana.

"Ni ba ni zuwa Maradi. In mutuwa ce, ta san hanyar Gabi."

Ranar da majo ya yanke za a tura shi, ranar ce Madam ta dawo. Na ce yau za a ga aiki. Na sa aka dama kunun tsamiya mai kyau, na wanke rigata fes, na gyara zaman biro. Ɗakin cike yake: majo, da Madam, da abokan aikina, da wani ɗan kasuwar Ɗan Issa mai karayar ƙafa a gadon gefe, wanda bakinsa bai karye ba ko kaɗan.

Na ce wa Issufu ya matso ya tallafi bayan Baba. Ya matso kamar wanda za a yanka. Na ɗebo kunu a ludayi, na hura, na sassauta murya kamar mai lallashin ɗan yaye.

"Haba Baba na. Yi haa. Ɗaya tak. Yi haa, yaron kirki."

Yaron kirki. Ni na faɗa, da bakin nan nawa, ga mutumin da ya girmi ubana.

Ban san akwai sauran ƙarfi a hannun nan ba. Ya kaɗe ludayin, ya haɗa da ƙwaryar da ke cinyata. Kunu ya wanke ni daga gemu har gwiwa. Ga shi yana ta ɗiga daga haɓata.

Madam ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta durƙusa ta gaida tsohon kamar yadda ake gaida manya, sannan ta juya ga Issufu.

"Bawan Allah, mene ne shi a gare ka?"

Ya dubi ƙasa. Da ƙyar muka ji shi. "Ɗiyarshi nake aure. 'Ya'yanshi maza duk suna ci-rani Najeriya, shi ya sa na kawo shi."

Suruki.

Ni da aka haifa a nan, ni da in na hango surukina a kasuwa da ƙosai a bakina sai in haɗiye shi da zafinsa, ni ne na ɗauko suruki na dasa a gaban tsoho, na ce ya buɗe baki ya sha kunu. Dattijo ba ya ci a gaban mijin ɗiyarsa, shi kuma mijin ba ya ci a gabansa. Kunya ta hana su ci, kunya ta hana su faɗa mini, ni kuma ina tsaye a kansu da ilimi.

Ɗan kasuwar nan ya gyara kwanciya. "Malam, ashe mutum biyu ka sa azumi ba watan azumi ba? Wanga boko naka, a ina ake sayar da shi, in kiyaye shagon?"

Nan ɗaki ya fashe. Har majo sai da ya fita waje.

Amma ga inda nake alfahari da kaina, kuma ba zan ɓoye ba. Ban gudu ba. Da kunun a jikina na sallami Issufu, na ce ya je gindin bedi ya nemi abin da zai ci. (Ban taɓa ganin mutum ya bar ɗaki da sauri haka ba.) Na samo zana na kare gadon daga idon jama'a. Na cire takalmi, na durƙusa, na ce, "Baba, na yi kuskure, ka yafe mini. Me kake so ka ci?"

Ya dube ni. "Yanzu ka yi magana irin ta mutane. Kunu na masu jego ne. A samo mini fura da nono, a ajiye, kowa ya ba ni wuri. Hannuna bai mutu ba."

Aka samo. Na ajiye, na fita, na tsaya bayan zana ina jin ƙarar ludayi a ƙwarya. Ban taɓa jin kiɗan da ya kai wannan daɗi ba. Da ya gama ya ce a ƙaro. Majo ya fasa tura shi Maradi. Bayan 'yan kwanaki ya tashi da ƙafarsa, ya hau amalanke, Issufu yana gaba yana kora jaki, kowa yana kallon gefensa cikin mutunci.

Na ci gaba da aikin shekaru masu yawa, na kuma ƙare karatuna, shi ya sa yau nake rubuta wannan da hannuna. Duk sabon yaron aikin da aka ba ni, kafin in nuna masa yadda ake juya marar lafiya, sai in ce ya fara gaisuwa, ya tambayi sunan mutum, da wanda ya kawo shi, da abin da yake so. Na gane cewa karatu yana gaya maka abin da tsofaffi suke buƙata, amma abin da wannan tsohon yake buƙata, a bakinsa yake, kuma sai ka durƙusa za ka ji.

Abin da aka yi asara a ranar ba shi da yawa: ƙwarya ɗaya ta fashe, ludayi ɗaya ya karye, farar riga ɗaya ba ta sake yin fari ba. Sai kuma sunan da ubana ya raɗa mini, don har yau a Madarunfa in ba ka ce Malam Yi-Haa ba, ba wanda zai nuna maka gidana.